Tabban ƙwaƙwalwa a hoton MRI: wa ya fi ido, kwamfuta ko likita?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana biyu kun ji ni shiru, aikin kammala digiri ne ya sha mini kai a nan Jamus. Tunda an ce kowa ya riƙa kawo abin da yake ciki, ga nawa. Ina koya wa kwamfuta ta gano tabban cutar MS a hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Cikakken sunan cutar maltipul siklerosis. A taƙaice, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, rigar da ake kira mayelin, kamar dai ɓera ya gwaguye robar wayar wuta. Duk inda aka gwaguye sai saƙo ya riƙa tafiya da ƙyar, wurin kuma ya bar tabo, tabon ya fito fari fat a hoto. Likita sai ya bi hoton yanka-yanka yana nemansu da ido. Manhajar da nake aiki a kanta kuwa kafin ka shanye kofin shayi ta gama da kan mutum guda, ta zana kowane tabo da ja, ta faɗi yawansu da girmansu. Ni dai a ganina nan da shekara goma wannan aikin ya bar hannun mutane. Likitocinmu na zaure a yi haƙuri, ba raini ba ne.

Sarkin Musu: To fa! Yaro ya je Turai ya ga dusar ƙanƙara, yanzu zai dawo ya sallami iyayensa daga aiki. Anti Likita kina kusa? Ga ɗanki nan ya zo da takardar kora.

Likitar Hoto: Wa alaikumus salam. Ina nan, yanzu na taso daga aiki. Ƙanena Allah ya ba da sa'ar digiri. Ba zan yi maka musu a kan cewa abin yana da amfani ba, domin a asibitin da nake aiki a Ingila muna amfani da irin wannan manhaja, kuma ranar da ta ƙi tashi sai na ji a jikina. Amma bari in faɗa maka inda amfanin yake, don ba inda kake zato ba ne.

Mai MS ba sau ɗaya ake masa hoto ba. Idan yana kan magani, galibi duk shekara sai ya dawo, tambayar da likitansa ke jira kuma guda ɗaya ce: akwai sabon tabo ko babu? Ka ɗauka yammacin Juma'a ce, na tun safe ina kallon allo. Ga hoton bara a allon hagu, ga na bana a dama. Baiwar Allah nan tana da tsofaffin tabbai kusan sittin, wasu sun haɗe da juna a gefen kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Hoton kuma yanka ne sama da ɗari da hamsin, kowane kaurinsa milimita ɗaya. Kwanciyar kanta ta bana ba daidai take da ta bara ba, ta ɗan karkata. A haka ake so in gano ko akwai sabon ɗigo mai faɗin milimita uku ko huɗu da ya ƙaru. Kamar a ba ka faranti biyu na tsakin masara a ce ka nuna ƙwayar da aka ƙara a ɗaya.

A nan ne kwamfuta ta fi ni. Tana daidaita hotunan biyu su hau kan juna cif, ta cire na bara daga na bana, abin da ya rage ta haska shi. Akwai lokacin da ta nuna mini ɗan tabo a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya wanda wallahi na wuce shi har sau biyu. Amma a rana ɗaya ɗin kuma ta zana mini wurare uku da ba tabo ba ne, inuwar bugun jijiyar jini ce da motsin mara lafiya. Ni na goge su. Kai ka ce za ta kore ni, ni kuma abin da nake gani kullum shi ne yaron shago mai kaifin ido wanda ba a bar masa makulli.

Ɗan Fagge: Anti na ji, amma manhajojin asibiti ai sun ɗan tsufa. Abin yana gudu sosai. A 2012 Paul Schmidt da abokan aikinsa a Munik suka fitar da manhajar LST, wadda lissafin hasken ɗigo-ɗigo kawai take yi. A 2015 aka fito da tsarin U-Net a Jami'ar Freiburg, wanda shi ba a gaya masa dokoki, ana dai nuna masa hotunan da ƙwararru suka zana da hannu har ya koya da kansa. Bayansa ga nnU-Net daga Heidelberg, wanda shi ke saita kansa gwargwadon hotunan da aka ba shi. A kansa na gina nawa. Makin Dice ɗina ya kai inda ƙwararru biyu ke kaiwa idan aka gwada zanensu da juna.

Sarkin Musu: Makin me? Ludo kuke yi a can?

Ɗan Fagge: Haha, a'a Sarki. Sunan mutum ne, Lee Dice, masanin halittu ɗan Amurka, tun 1945 ya kawo lissafin. Ana ɗora zanen kwamfuta a kan zanen likita, a auna inda suka haɗu. Idan sun hau kan juna gaba ɗaya maki 1 ke nan, idan ba su taɓa juna ba sifili.

Likitar Hoto: Yauwa, gara da ka kawo shi da kanka. Wannan makin shi ne ke ruɗin ku 'yan kwamfuta. Faɗin wuri yake aunawa, ba yawan tabbai ba. Mutum yana da ƙaton tabo ɗaya kamar goro da ƙanana goma kamar ƙwayar dawa. Manhajarka ta zana goron da kyau ta tsallake dawar duka, makinka zai fito da kyau, malaminka ya yaba maka. Ni kuwa ɗaya daga cikin ƙwayoyin dawar nan ita ce sabuwa, ita ce za ta sa likitan jijiya ya fara tunanin ko maganin nan yana riƙe cutar.

Sannan ka tambayi kanka, zanen wa ake ɗauka a matsayin gaskiya? A gasar MSSEG ta 2016, wadda masu bincike na Faransa suka shirya, marasa lafiya 53 ne, ƙwararru bakwai suka zana tabban kowane hoto, kuma bakwai ɗin nan ba su yi daidai da juna ba, sai da aka haɗa zanensu da lissafi aka fitar da matsaya. Ƙungiyoyi 13 suka shiga, sakamakon kuma ya nuna manhajojin suna bayan mutane, musamman wajen gano tabo ɗaya-ɗaya. Na san an ci gaba tun daga lokacin. Amma ka lura, da suka sake gasar a 2021 sai suka mayar da tambayar ta koma kan sababbin tabbai tsakanin hoto biyu. Sun gane inda gizo ke saƙa.

Baba Likita: Salamu alaikum. Na karanta duka. 'Yata ta yi bayani mai kyau a ɓangarenta, ni kuma zan yi a nawa, na wanda mara lafiya ke zaune a gabansa.

Ɗana, ka ce manhajarka tana gano tabban MS. A'a. Tana gano farin ɗigo. Waɗannan abu biyu ne daban, kuma Bahaushe ya gama magana da ya ce kama da wane ba ta wane. Ba a cewa mutum yana da MS don an ga fari a hotonsa. Akwai ƙa'idojin McDonald, da sunan Ian McDonald, likitan jijiya ɗan ƙasar Niyu Zilan da ya yi aiki a Landan. An fitar da su a 2001, aka gyara a 2005, da 2010, da 2017, aka sake gyarawa a 2024. Ginshiƙinsu tun asali shi ne a nuna cutar ta taɓa wurare daban-daban, kuma a lokuta daban-daban. Wuraren ma sanannu ne: gefen kogunan ruwa, da dab da ɓawon ƙwaƙwalwa, da can ƙasa wajen ƙeya da tushen ƙwaƙwalwa, da laka, gyaran ƙarshe kuma ya ƙara jijiyar ido. Akwai siffa ma. Tabban MS sukan miƙe daga gefen kogon ruwa kamar yatsu, shi ya sa ake ce musu yatsun Dawson, likitan Sikotilan da ya bayyana su a 1916, shekaru aru-aru kafin a san MRI. Amma sharaɗin da ya fi kowanne nauyi, wanda babu manhajar da ke cika shi, shi ne a tabbatar babu wata cutar da ta fi dacewa da abin da ake gani. Wannan sai an tambayi mutum tarihinsa, an buga masa gwiwa da guduma, an leƙa idonsa, wani lokaci an ɗebi ruwan bayansa.

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Ni ba likita ba ce, karatu kawai nake yi a zauren nan, amma yau maganar ta taɓa gidanmu. Ƙanwata ce. Tana shekara 26, wata uku bayan haihuwarta ta fari, ta tashi da safe idonta na dama yana gani dishi-dishi, in ta juya shi ya yi zafi. Bayan sati uku ya washe da kansa. Aka ce jego ne. Shekara ta zagayo sai ƙafarta ta hagu ta mutu, tana jan ta, silifas yana zamewa ba ta sani ba. Ba sai na faɗa muku abin da dangi suka ce ba, kun sani. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an zargi wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. A wani asibiti aka ce mata taifod, a wani aka ce damuwa ce. Sai da mijinta ya sayar da fili ya kai ta Masar kafin aka kira sunan cutar.

Tambayata ita ce. Hoton da aka yi mata a can ya zo da takarda mai launi-launi, an rubuta jimillar girman tabbai. Bana ba mu samu halin komawa ba, aka yi hoton a gida, wani ɗan uwa ya tura wa abokinsa a waje ya saka a irin manhajar nan. Lambar da ta fito ta fi ta bara sosai. Tun ranar ba ta barci, ita kuma a jikinta ba ta jin wani canji. Baba Likita, Anti, cutar ce ke ci?

Baba Likita: Allah ya ba ta lafiya, ya saka wa mijin da alheri. 'Yata, ba zan yanke hukunci a kan hoton da ban gani ba da mutumin da ban duba ba. Amma ki gaya mata ta kwantar da hankalinta har likitanta ya ɗora hotunan biyu gefe da gefe. Lamba kaɗai ba ta isa ba.

Likitar Hoto: Amin. Maman Hanifa, sannunku da ɗawainiya. Abin da Baba ya faɗa shi ne. In ƙara miki dalili: inji daban, manhaja daban, lamba daban. Ko mutum ɗaya aka saka a inji biyu a rana ɗaya, jimillar da za ta fito ba za ta zama ɗaya ba, saboda ƙarfin maganaɗisun ya bambanta, kaurin yankan ya bambanta, yadda kowane inji ke haska fari ya bambanta. Kamar ki auna gero da tiyar wata kasuwa ki sake aunawa da ta wata kasuwar, ki ce hatsin ya ƙaru. Shi ya sa shawarar ƙwararru ita ce a riƙa maimaita hoton a inji ɗaya da tsari ɗaya in da hali. Ku nemi faifan hoton Masar na asali, ba takardar ba, ku kai wa likitan hoto tare da na bana. Abin da za a duba shi ne sabon tabo, ko tsoho da ya girma a fili, ko wanda ya ɗauki allurar gadoliniyom, wadda ke haska tabo mai aiki a hoto, in an yi mata.

Ɗan Fagge, ka ga abin da nake nufi ko? Manhajar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta ƙirga. Amma ga wata can ta kwana bakwai ido biyu.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. Faifan yana nan a cikin akwatin takardunta, na gan shi da idona. Allah ya saka.

Admin: Tunatarwa: don Allah kada kowa ya saka hoton MRI na wani a zauren nan. Sunan mutum da ranar haihuwarsa suna jikin hoton, har a cikin fayil ɗin ma suna ɓoye. A ci gaba.

Mai Injin: Ni ne mai kwantar da mutane a cikin injin, shekarata goma sha ɗaya a kai, don haka bari in sauko da ku ƙasa. Ɗan Fagge, hotunan da ka koyar da manhajarka da su, na inji mai Tesla nawa ne, wato ƙarfin maganaɗisunsa?

Ɗan Fagge: Yawanci Tesla 3, wasu 1.5. Duka FLAIR, wato irin hoton MRI da ke fito da tabon fari, mai siraran yanka.

Mai Injin: To madalla. Injin da na fara aiki da shi bai kai rabin Tesla ɗaya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙirga injinan MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne. An samu ƙari tun daga nan, masu 1.5 sun yawaita a manyan birane, amma har yanzu yankan milimita biyar da tazara a tsakani shi ne abin da za ka fi gani. Tabon milimita uku sai ya faɗa tsakanin yanka biyu ya yi kwanciyarsa. Ga mara lafiya da ya biya kuɗin da ya tara da ƙyar, ga layi a waje, ga janareta yana shan dizal, ba wanda zai ba ka ƙarin minti goma. Wani kuma tsoron ramin yake ji, yana ta motsi, hoton ya fito kamar an ɗauka daga kan babur.

Wannan ma mai sauƙi ne. Da yawa ba faifai suke tafiya da shi ba, fim ake buga musu. Ranar da za su nemi shawarar wani likita sai su ɗaga fim ɗin a jikin taga su ɗauka da waya su tura ta WhatsApp, har da ƙarfen tagar a ciki. Wace manhaja ce za ta karanta wannan?

Sarkin Musu: Za ta ce ƙarfen tagar ma tabo ne, a kawo magani.

Ɗan Fagge: Sarki ka bari mana. Yallaɓai Mai Injin, gaskiya ban taɓa gwada ta a kan irin waɗannan hotunan ba. Mu ma muna da suna ga matsalar, idan aka koyar da manhaja da hoton wani inji aka kai ta wani sai ƙoƙarinta ya faɗi. Amma akwai masu aiki a kan ƙananan injina. Akwai na kamfanin Hyperfine da ake turawa a kan taya har bakin gado, ƙarfinsa Tesla 0.064 kacal, an ba shi izini a Amurka a 2020, kuma manhaja ce ke gyara hotonsa. An gwada shi a kan masu MS, yana ganin manyan tabbai, ƙananan ne ke kuɓuce masa.

Mai Injin: Ƙananan kuma su ne Anti ta ce ana nema. Mun dawo gidan jiya.

Ɗan Damagaram: Barkanku da muhawara. Mu a nan Nijar da Faransanci muka karanta ta, sikleroz an plak, sunan da ya samo asali tun zamanin Charcot, likitan Faransa wanda ya bayyana cutar a Paris a 1868. Abin da aka koya mana a aji shi ne cutar Turawa ce, ta ƙasashen sanyi, kada mu ɓata lokaci. Gaskiya ne ta fi yawa a can, a cikin mutum kusan miliyan 2.8 da ƙididdigar 2020 ta nuna suna da ita a duniya, Turai da Arewacin Amurka ne kan gaba. Amma ina tambayar kaina, ƙarancin da ake faɗa a wajenmu nawa ne na gaske, nawa ne na rashin inji da rashin likitan jijiya? A kudancin Kalifoniya wani bincike na 2013 ya samu cewa mata baƙaƙe sun fi fararen mata kamuwa da ita. Labarin ƙanwar Maman Hanifa kuma kamar daga littafi aka kwafo shi: mace, tsakanin shekara 20 da 40, ido ya fara, bayan haihuwa. Da a ce akwai manhaja a asibitin farko da ta je, ba za ta taimaka ba? Ni a nan ina bayan Ɗan Fagge. Inda babu ƙwararre, da babu gara ba daɗi.

Baba Likita: Ɗana na Damagaram, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Cutar tana nan, na gan ta, kuma muna makara wajen gane ta. Amma ƙanwar Maman Hanifa ba manhaja ta rasa a asibitin farko ba. Ta rasa wanda zai ji labarin idon nan da ƙafar nan ya ce a yi hoto. Manhaja ba ta karanta hoton da ba a ɗauka ba.

Rabin da ban karɓa ba shi ne "da babu gara ba daɗi". A wannan fagen wani lokaci babu ta fi. Ka zo asibitina ranar Talata ka ga waɗanda ke da farin ɗigo a ƙwaƙwalwa. Dattijo mai hawan jini na shekara ashirin da bai taɓa shan magani a kan lokaci ba, ƙananan jijiyoyin jininsa sun lalace, hotonsa fari ko'ina. Mai ciwon suga haka. Matashi mai sikila, wanda jini ya toshe masa a wurare ƙanana tun yana yaro ba tare da kowa ya sani ba, kuma kun san yawan masu sikila a ƙasar nan ba a magana. Mai ciwon ɓarin kai. Mai cuta mai karya garkuwar jiki. Mai tarin fuka da ya hau kai. Mai ƙarancin bitamin B12. Manhajar da aka yi renonta a kan hotunan masu MS zalla, ba a taɓa nuna mata mai sikila ba, me kake zato za ta yi? Za ta zana su duka da ja ta ba da jimilla, a saman takardar kuma an rubuta MS. Ƙaramin likita a asibitin da babu babba ya karɓa, ya ga launi, ya ga lamba, ya ga daga kwamfuta ta fito. Wa zai yi musu da kwamfuta?

Kada ku ce don mu ne. A Los Anjelas an bi marasa lafiyar da aka turo manyan cibiyoyi biyu da sunan suna da MS, aka wallafa a 2019, sai aka tarar kusan ɗaya cikin biyar ba ita ke damunsu ba. Wasu sun yi shekaru suna shan magungunan da ke danne garkuwar jiki. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo haka shi ne kallon kitse da aka yi wa rogo a hoton MRI.

Wanda ya fi hana ni barci kuma shi ne NMO, cutar da ke kama jijiyar ido da laka. Shekaru da yawa ana ɗaukarta a matsayin wani nau'in MS, sai a 2004 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gano sinadarin garkuwar da ke bambanta ta, wanda ke far wa wani furotin na ƙwaƙwalwa da laka mai suna akwaforin-4. Ta fi yawa a jikin baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. Kuma wasu magungunan MS, irin su intaferon beta, suna iya ƙara tsananta ta. Kuskure a nan makanta ce ko kujerar guragu.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe na karɓi gyara. Amma in haka ne ai maganin shi ne a koyar da manhajar da hotunanmu, har da na masu sikila da hawan jini, ba a yar da ita ba.

Baba Likita: Wannan kuma ban ƙi ba. Sai dai wa zai zauna ya zana dubban hotuna da hannu? Mu nawa ne?

Ɗan Fagge: Baba, akwai abin da zai iya rage wannan ruɗanin. Tabon MS a kewayen ƙaramar jijiyar jini yake tsirowa, don haka da hoton da ya dace ana ganin jijiyar ta ratsa tsakiyarsa kamar zare a cikin dutsen carbi. Tabon hawan jini ko na ciwon ɓarin kai galibi ba shi da wannan. Gyaran 2024 ya shigar da alamar cikin ƙa'idoji, tare da wata ta baƙin zobe na ƙarfen jini da ke kewaye wasu tabbai. Duba jijiya a cikin kowane tabo ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin rai, irin wanda ya dace da kwamfuta. Akwai masu gina manhajar hakan yanzu.

Likitar Hoto: Yanzu ka yi magana. Wannan ita ce hanyar da nake so in ga kun bi, daga "ga fari" zuwa "ga irin farin". Amma sai da hoto na musamman, kuma ya fi fitowa a Tesla 3. Ka tambayi Mai Injin ko ya shirya.

Mai Injin: Ku fara kawo wutar da ba ta ɗaukewa tukuna.

Sarkin Musu: Ni tambayata ɗaya ce, ba wasa a ciki yau. Idan manhaja ta ce babu sabon tabo alhali akwai, mutum ya ci gaba da maganin da ba ya masa aiki har ƙafa ta tafi, wa za a kama? Kamfanin? Yaron nan na Fagge?

Likitar Hoto: Ni. Sunana ne a ƙasan rahoton. Kamfanonin da ke sayar da irin wannan, kamar icometrix na Beljiyam, a matsayin mataimaki ga likita suke sayarwa, hukunci na likita ne. Haɗarin da nake gani a kaina shi ne lalaci. Idan abu ya yi maka daidai sau ɗari, a na ɗari da ɗaya idonka ya riga ya saki. Don haka na ɗora wa kaina doka: sai na gama duba hoton da idona kafin in buɗe zanenta. Yana ƙara mini lokaci, abokan aikina suna mini dariya. Sannan yawancin manhajojin nan ƙwaƙwalwa kaɗai suke dubawa. Laka, wadda tabo ɗaya a cikinta ya isa ya hana mutum tafiya, har yanzu aikin ido ne mafi yawa.

Maman Hanifa: Ku yi haƙuri in sake katse ku. Ƙanwar tawa in aka shiga zafin Afrilu sai ganinta ya dushe, ƙafar ta yi nauyi, in ta yi wanka da ruwan randa ta dawo daidai. Shi ma sabon tabo ne?

Baba Likita: Wannan sanannen abu ne, wani likitan ido Bajamushe mai suna Uhthoff ya bayyana shi tun 1890. Jijiyar da rigarta ta taɓu ba ta jure zafi, in jiki ya ɗumama sai saƙo ya tsaya, in ya huce ya dawo. Kafin zuwan MRI, wanda aka fara ganin tabban MS da shi a Landan a 1981, har wankan ruwan zafi ake sa mutum a gani ko alamun za su tashi. In dai yana wucewa da ta huce, galibi tsohon rauni ne ke magana. Wanda ya wuce awa 24 bai tafi ba, babu zazzaɓi, shi ne za ta nufi asibiti ba jira. Ta gaya wa likitanta duka biyun. Ta kuma tambaye shi batun azumi tun kafin watan ya zo.

Maman Hanifa: To Baba, in sha Allahu. Alhamis muke da layi.

Ɗan Fagge: Na dawo. Jiya ban yi barci ba saboda maganar Mai Injin. Na ɗauki hotunan gwajina na mayar da su yankan milimita biyar, na ƙara musu ɗan dishi-dishi, na sake ba manhajar. Makin Dice ya sauka kaɗan kawai, da shi zan nuna wa malamina da ba zai ce komai ba. Amma da na ƙirga tabo ɗaya-ɗaya kamar yadda Anti ta ce, ƙananan sun zube da yawa, ta kuma ƙirƙiro wasu a gefen kogunan ruwa inda babu komai. Na nuna wa malamin da safen nan, ya ce in mayar da shi babi guda. Yallaɓai Mai Injin, don Allah ka turo mini ta akwati irin saitin da kuke ɗaukar FLAIR da shi, kaurin yanka da tazara da sauransu, ba hoton kowa ba, lambobin kawai.

Sarkin Musu: Takardar korar fa? A mayar da ita aljihu?

Ɗan Fagge: Na ce shekara goma, Sarki. Yau kwana biyu.

Mai Injin: Zan turo bayan la'asar, yanzu akwai mutum a kan gado.